Mota a Idon Masu Zane: Daga Kwatamin Milan Zuwa Garejin Gingimari

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce an gayyace ni wata jami'a domin in duba ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane-zane, a matsayin mai jarrabawa daga waje. Na yini ina zagaya ɗakin da aka baje ayyukan. Na ga dawakin hawan salla har na gaji da ƙirga su. Na ga 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka, ta gaba da ta baya da ta gefe. Na ga marina, na ga ƙofar gari, na ga mai kakaki ya kumbura kumatu. Hannun yaran ya faɗa, ba ni da ta cewa a kan wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ga mota ko guda ba a duk faɗin ɗakin, alhali ni da na zo duba su na kwashe sa'o'i a kan titi kafin in iso. A hanyar na wuce tankar mai da ta ƙone ƙurmus aka bar gawarta a gefe, na wuce wata ƙaramar mota da aka jibga wa buhunan albasa har gindinta na neman sharar ƙasa, na kuma wuce wani gari da mata da yara suka yi dafifi suna tura wa fasinjoji gyaɗa da ɗanwake ta taga.

Na kira ɗaya daga cikin ɗaliban, wanda na ga ya fi sauran iya haɗa launi, na tambaye shi dalili. Ya rusuna ya ce, "Malam, ai mota ba al'adarmu ba ce, kayan Bature ce." Na ce masa, "To, kai a me ka zo makaranta yau?" Ya yi murmushi ya ce a adaidaita sahu. Ban ja zancen ba, domin ba shi kaɗai ke da laifin ba. Mu malamansa mu muka koya masa cewa al'ada ita ce abin da ya riga Turawa zuwa, muka manta cewa fentin da ke hannunsa da buroshin da ƙyallen da ya ɗame a katako duk daga waje suka zo. Wannan muhawara ce ta sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu labarin yadda masu zane na wasu ƙasashe suka yi da mota tun da ta bayyana, domin a nawa nazarin waɗanda aikinsu ya yi ƙarko a cikinsu ba ƙyallin jikinta ne ya dame su ba. Abin da suka bi diddigi shi ne abin da take yi wa mutum, da kuma wanda ke biyan kuɗin jin daɗinta da guminsa ko da ransa.

Labarin ya fara ne da haɗari. A shekarar 1908 wani marubuci ɗan Italiya mai suna Filippo Tommaso Marinetti, ɗan masu hali, yana tuƙa sabuwar motarsa a bayan birnin Milan, ya kauce wa masu keke, sai ya afka cikin kwatami. Wani da ya fito da rai daga irin wannan sai ya yi sadaka ya rage gudu. Shi kuwa Marinetti fitowa ya yi yana ganin kamar an sake haihuwarsa. Ranar 20 ga Fabrairun 1909 jaridar Le Figaro ta birnin Faris ta buga sanarwarsa a shafin farko, inda ya kafa wata ƙungiya da suka kira kansu Futurista, wato 'yan gobe. A ciki ya yi iƙirarin cewa motar tsere mai ruri ta fi wani shahararren mutum-mutumin Girkawa kyau, wato sassaƙar nan ta mace mai fukafukai da aka tono a tsibirin Samotaras, wadda ta haura shekara 2000 kuma take tsaye a gidan tarihi na Louvre. Ga Turawan wancan zamani wannan magana tamkar mutum ya tsaya a ƙofar fada ne ya ce babur ya fi dokin sarki kwarjini.

Masu zanen da suka bi shi sun gamu da matsala ta gaske, wadda har yau nake ba ɗalibaina ita a matsayin aikin gida: yaya za a zana gudu a kan ƙyallen da ba ya motsi? Giacomo Balla ya shafe shekarun 1913 da 1914 yana fama da wannan tambaya. A zane-zanensa da wuya ka ga motar kanta. Sai dai ka ga layuka masu lanƙwasa suna bin juna, da'irar taya ta maimaitu sau da yawa, hanya da sararin sama sun tsattsage kamar gilashin da aka jefa da dutse. Ya zana abin da idon mai tsayuwa a bakin titi ke gani bayan motar ta riga ta wuce. Wannan gagarumar nasara ce a fannin, ba na musu. Amma ita wannan sanarwa da ta yabi mota, ita ce kuma ta yabi yaƙi a matsayin abin da ke tsarkake duniya, ta yi kira a rushe gidajen tarihi da ɗakunan karatu, ta kuma raina mata. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, da dama daga cikinsu suka ruga da murna. Umberto Boccioni, wanda ya fi su baiwa, ya mutu a 1916, kuma abin mamaki ba inji ne ya kashe shi ba, daga kan doki ya faɗo a wajen atisayen soja. Marinetti ya rayu har ya zama ɗaya daga cikin magoya bayan Mussolini. Duk lokacin da na ga matashi ya tsuke fuska a bayan sitiyari yana gudun wuce sa'a a unguwar da yara ke wasa, nakan tuna cewa sha'awar gudu da raina ran ɗan'adam sun taɓa kwana a takarda ɗaya.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauki mota a matsayin tufar alfarma. A 1929 Tamara de Lempicka ta zana kanta a cikin koriyar Bugatti, da hular tuƙi da safar hannu, ido a lumshe kamar duniya ba ta isa ta kalle ta ba. An yi zanen ne domin bangon wata mujallar mata ta Jamus mai suna Die Dame, kuma ya zama tambarin macen zamani mai cin gashin kanta. Sai dai Bugattin ba tata ba ce, motarta ta haƙiƙa wata 'yar ƙaramar Renault ce ruwan ɗorawa. Ashe jingina da motar wani a ɗauki hoto ya girmi Facebook da shekaru masu yawa.

Aikin da na fi so in daɗe a kansa yana birnin Detroit na Amurka, cibiyar ƙera motoci. A 1932 gidan adana kayan fasaha na birnin ya ɗauko Diego Rivera daga Meziko domin ya zane bangon wani babban zaure, kuma Edsel Ford, ɗan Henry Ford, shi ya biya kuɗin aikin. A duba wannan haɗi: Rivera ɗan gurguzu ne da bai taɓa ɓoye aƙidarsa ba, mai biyan kuɗin kuwa magajin ɗaya daga cikin manyan 'yan jari-hujja na duniya. Lokacin ma ba na daɗi ba ne. Tattalin arziki ya karye, an sallami dubban ma'aikata, kuma a ranar 7 ga Maris na wannan shekara, makonni kaɗan kafin Rivera ya iso, an buɗe wa ma'aikata marasa aikin yi wuta a lokacin da suka yi tattaki zuwa masana'antar Ford ta River Rouge, mutum huɗu suka mutu a ranar.

Rivera ya yi watanni yana shiga wannan masana'anta yana zana abin da ya gani a takarda, sannan ya hau bango. Ya yi amfani da tsohuwar dabarar shafa launi a kan ɗanyen filasta, yadda launin zai bushe tare da bangon ya zama jikinsa, ya kammala ɓangarori 27 a 1933. A bangon arewa ana narka ƙarfe ana haɗa injin V8, a bangon kudu ana buga jikin mota. Ko'ina mutane ne, baƙaƙe da farare da jajaye, sun tanƙware suna ja suna turawa, jikinsu na bin bugun inji kamar masu daka a turmi ɗaya. Wata ƙatuwar na'urar matse ƙarfe ya ba ta siffar wata gunkiyar mutanen Aztek na dā, wadda ake yi wa yanka da jinin mutane. Ga masu sa ido sun tsaya a bayan ma'aikata fuska a murtuke, ga 'yan yawon buɗe ido sun zo kallo kamar an kawo su gidan namun daji. To, ina motar da ake wannan wahala dominta? Sai ka ƙura ido sosai kafin ka hango ta can ƙarshen layi, 'yar mitsitsiya, ja, ba ta kai tafin hannu ba a cikin bangon da ya fi gida tsawo. Da aka buɗe zauren wasu malaman coci da 'yan jarida suka nemi a shafe shi, Edsel Ford ya ƙi. Ban san wani sharhi a kan masana'antar zamani da ya kai wannan 'yar jar mota kaifi ba. Mu da muke sayen mota bayan ta gama yawo a Turai, ta biyo ta Kwatano ta iso mana, ba mu cika tuna cewa hannun wani ne ya ɗaure kowane noti da ke jikinta ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai motar kanta ta shiga gidan tarihi da ƙafafunta. A 1951 gidan adana fasahar zamani na birnin Niyok ya baje motoci takwas, yana mai cewa a kalle su kamar sassaƙa mai tafiya, kuma a 1972 ya mallaki wata 'yar Italiya mai suna Cisitalia 202 ya ajiye ta cikin kayansa na dindindin. Ba na ƙin wannan, domin wanda ya tsara lanƙwasar jikin mota mai fasaha ne. Amma a daidai lokacin da ake goge waɗannan ana haska musu fitila, wasu masu fasahar sun nufi bola. A 1960 César Baldaccini na Faransa ya je wurin 'yan gwangwan, ya sa injinsu ya matse motoci har suka zama dunƙule mai kusurwa huɗu, ya kai guda uku wani baje koli a Faris ya ce ga sassaƙarsa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. A Amurka John Chamberlain ya riƙa lanƙwasa ƙofofi da bambobin matattun motoci yana walda su. A 1974 wasu matasa suka binne Cadillac goma da ka a wani fili kusa da Amarillo a jihar Texas, gindinsu a sama, kuma suna nan har gobe.

Wanda ya fi kowa taɓa inda ke ciwo shi ne Andy Warhol. A farkon shekarun 1960 ya riƙa ɗauko hotunan haɗarin mota irin waɗanda jaridu ke bugawa, yana maimaita buga su a kan ƙyalle da dabarar masu ɗab'i. Ɗaya daga cikinsu, na 1963, falle biyu ne manya. A na hagu hoton wata mota da ta ragargaje da gawar mutum a ciki ya maimaitu sau 15, wani ya fito sosai, wani ya dusashe, wani ya hau kan wani. Fallen dama kuwa babu komai a kansa sai launin azurfa. Idan ka fara kallo gabanka zai faɗi, kafin ka kai hoto na goma ka fara sabawa, kuma wannan sabon shi ne abin da yake so ka kama kanka kana yi. Wa ya fi mu sanin wannan hali? Haɗari ya auku, kafin a kawo agaji an zaro wayoyi, kafin magariba hoton gawarwaki ya zagaya kowane zauren WhatsApp, a rubuta addu'a a ƙasa a wuce zuwa na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba, duk da cewa ita ce mai ƙarancin motoci. A watan Nuwamban 2013 an yi gwanjon wannan zane na Warhol a kan dala miliyan 105 da 'yan kai. Mutumin da ke cikin hoton kuwa ba a ma ambaci sunansa a jikin zanen ba.

Kamfanoni ba su yi barci ba, sun gane cewa sunan mai zane talla ne. Tun 1975 kamfanin BMW ke ba mashahuran masu zane mota su yi mata ado, ya fara da Alexander Calder. Shi kansa Warhol ya shafe wata da hannunsa a 1979 cikin ƙasa da rabin sa'a. A 1991 aka miƙa wata ga Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko a jerin, ta lulluɓe ta da zanen da matan Ndebele ke yi wa bangon gidajensu, wanda ta koya wurin mahaifiyarta da kakarta tun tana yarinya. Ina jinjina mata ƙwarai, domin ta nuna cewa zanen ƙauye zai iya hawa kan sabon abu ba tare da ya zubar da girmansa ba. Amma ba na yaudarar kaina. Motar da kamfani ya bayar a yi mata kwalliya ba za ta taɓa faɗin abin da kamfanin ba ya son ji ba.

Mai faɗin irin wannan yana nan maƙwabtanmu. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin ya lura da masu fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya, waɗanda ke ɗaure jarkoki masu yawa a jikin babur su ratsa daji, kowannensu bam ne mai tafiya. Ya ɗauki tsofaffin jarkokin ya yanke samansu, sai ga mariƙin ya zama hanci, bakin jarkar ya zama baki, fuskar mutum ta fito. A wani babban aikinsa ya jera jarka 304 a ƙasa bisa tsarin da ake jera bayi a cikin jirgin ruwa, kuma gidan tarihin Birtaniya ya saye shi a 2007. Babu mota a cikin aikin, amma duk ƙishirwarta ce ta haife shi. Mu da muke da 'yan bumburutu a kowace kwana, jarkar nan muna tsallake ta kullum. A Gana kuma, a garin Teshie kusa da Ankara, Kane Kwei da almajiransa sun shahara da sassaƙa akwatin gawa mai siffar abin da mamaci ya yi rayuwa da shi, kuma mai siffar Marsandi na cikin waɗanda aka fi sani.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mu ba mu da komai. Motar da ta fi kowace tsayawa a ran 'yan Nijeriya tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas: baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Ba mai zane ne ya yi ta ba, amma na ga mutane sun shiga ɗakin suna hira sun fito shiru. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, ita ce hoton ma'aikacin gwamnati na wani zamani, ranar da albashi ke iya sayen sabuwar mota. Maginan Zariya na ƙarnin da ya wuce, waɗanda ba su shiga ajin kowa ba, sun riƙa sa keke da mota a cikin adon da suke yi wa fuskar gida, kusa da dagi, ba su tsaya tambayar ko al'ada ce ba. Akwai ma wani sauƙi da muke da shi wanda ban ga muna amfani da shi ba. Iyaye da yawa na ɗari-ɗari da ɗansu ya karanci zane saboda saɓanin malamai a kan surar abu mai rai. Mota ba ta da rai, haka jarka da taya da gadar sama da layin gidan mai. Ɗalibin da ke son kauce wa wannan saɓani yana da fili mai faɗi a gabansa, amma sai ka same shi ya koma kan doki da mahayinsa.

Su kuwa waɗanda suka fi kowa haɗa zane da mota a ƙasar nan ba mu taɓa kiransu masu fasaha ba. Ina nufin masu zanen jikin gingimari, manyan motocin nan masu bodin katako da ke ɗaukar shanu da hatsi zuwa kudu su dawo da goro da manja. A bayansu za ka ga zaki ya danne barewa, mikiya ta buɗe fukafukai, ɗawisu, masallaci mai koriyar ƙubba, jarumin fim ɗin Indiya ko na Sin, furanni sun kewaye gefe, a sama kuma an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Allah ya kiyaye hanya". Direban da zai kwana uku a hanya, ga ramuka ga shingaye ga 'yan fashi, ya san dalilin da ya sa yake son zaki a bayansa. Tsoronsa da addu'arsa da alfaharinsa ne yake yawo da su daga Maiduguri zuwa Fatakwal, kuma masu kallon wannan zane a rana ɗaya sun fi waɗanda za su shiga ɗakin baje kolin jami'a a shekara.

Makonni kaɗan bayan waccan jarrabawa na nemi wani dattijo da aka ce mini ya yi shekaru yana wannan sana'a, a wani gareji da ke bayan gari. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana rubuta lambar mota a jikin wata tirela. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ina ayyukanka na dā? Ina so in ɗauki hotonsu in nuna wa ɗalibai." Ya dube ni ya ce, "Malam, ai aikina ba ya zama. Yana hanya, in bai ƙone ba." Ya ce yanzu masu motoci sun koma bodin ƙarfe, matasan direbobi kuma sitika suke so, wadda ake bugowa a kwamfuta a manna cikin minti goma. Yaransa biyu da ya koya wa aikin, ɗaya ya koma tuƙa adaidaita sahu, ɗayan yana sayar da katin waya.

Da na matsa masa, sai ya tashi ya zagaya da ni bayan rumfar. Akwai wani tsohon murfin bayan gingimari da aka cire, an jingine shi a kan turaku an yi akurkin kaji da shi. Rana da ruwan sama sun cinye rabin fentin, amma ana iya ganin mikiya riƙe da maciji, da wata 'yar hanya da ta lanƙwasa ta shige tsakanin duwatsu, da ƙaramar mota ja tana hawa. Na tambaye shi nawa zai sayar mini. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce in dai zan kawo masa kwano biyu ya rufa wa kajin, in ɗauka. Yanzu haka murfin yana jingine a ofishina, ya tare rabin taga, kuma na sa wa 'yan aji uku aikin zangon nan: kowa ya je tasha ya yini, ya dawo mini da zane goma.